Daga Bakin Akwati: Wai tsohuwar dala ta koma miliyon?

 

A wannan fitowar mun so mu ci gaba da zancen bashin da ya wuce wa'adi. Amma wata tambaya ta yi ta zo mana, daga wajen Tasawa, daga Magarya, daga Madawa, har da wata unguwa ta Yamai, kuma kusan lafazinta ɗaya ne. Wai an ga bidiyo a WhatsApp, wani mutum riƙe da tsohon kuɗin ƙarfe yana cewa Turawa na saye da miliyoyi, kuma duk mai irinsa ta kira lambar da ke ƙasa. Shin gaskiya ne? Wata ƙungiya ma ta aiko cewa ranar ƙidaya an tashi baram-baram, don an ga wata na tsince tsofaffin ƙarafa daga cikin zubi tana mayar da sababbi. Wata kuma ƴarsu ta aika jika biyar, wai kuɗin rajista, daga nan lambar ta daina shiga. Jika biyar fa, ga mai zubin dala hamsin a mako, zubin mako ashirin ke nan. Shi ya sa muka ɗage zancen bashi sai fitowa ta gaba.

Masu tara kuɗin ƙarfe akwai su da gaske

Kada mu ce duk ƙarya ce. A duniya akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, tara kuɗin ƙarfe na ƙasashe da na shekaru dabam-dabam, kamar yadda uwa ke jera wa ɗiyarta kwanoni. Suna da littattafan da aka lissafa kowane kuɗi a ciki, da shekarar da aka buga shi, da yawan da aka buga. Suna saye suna sayarwa tsakaninsu. Amma ba sa biya don abu ya tsufa kawai. Abu huɗu suke dubawa.

Na farko, ƙarancinsa, wato guda nawa aka buga. Na biyu, lafiyar jikinsa: ko zanen na nan raɗau kamar yau ya fito, ko hannu ya cinye shi. Na uku, ko akwai masu nemansa. Na huɗu, ƙarfen da aka yi shi da shi, ko azurfa, ko zinariya, ko ƙarfe ne kawai.

To, ku auna kuɗinmu da waɗannan huɗu. Ƙarafan sefa da muke kashewa, Babban Bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, mai cibiya a Dakar, shi ke sa a buga su, kuma ƙasa takwas ke aiki da su: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kot Dibuwar, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Abin da aka buga don cefanen ƙasa takwas, miliyoyi ake buga shi. Sannan ya bi hannun mai ƙosai, ya bi na ɗan kabu-kabu, ya kwana a bakin zane, ya sha gumi da man gyaɗa shekara talatin. Ba ya da ƙaranci, ba ya da lafiyar jiki, ba azurfa a cikinsa. Dala ashirin ta 1975 da ta shafe, dala ashirin ce yau, dala ashirin ce gobe. Mai tarawa a Turai in yana so, da ƴan kuɗi kaɗan zai same ta a kasuwar garinsu, ba sai ya aiko Maraɗi ba.

Mu san abin da ke hannunmu

Yawancinmu mun shekara muna ƙidayar waɗannan ƙarafa ba mu taɓa tsayawa mun dube su ba. Ku ɗauko ɗaya-ɗaya mu duba tare.

Kowanne na ɗauke da wata alama mai kama da kifi, mai dogon baki kamar zarto. Wasu na cewa dodo ne, wasu na cewa tsafi ne. Ba ko ɗaya. Siffar ɗan ma'aunin tagulla ce da mutanen Akan na Gana da Kot Dibuwar ke auna garin zinariya da shi a da, shi ne bankin ya ɗauka tambarinsa.

Gudan dala, jar nan ƙarama, kan barewa ne a bayanta. Dala biyu iri biyu ce: tsohuwa mai kan barewa, da wadda aka fara a 1981, mai hoton mutane suna ɗibar ruwa a famfo. Dala biyar ma haka: tsohuwa mai barewa, da ta 1980 zuwa gaba, mai hoton ma'aikaciyar ɗakin bincike da kwalabenta. Dala goma, fara, an fara ta a 1972, kuma kayan gona ne suka kewaye lambar. Dala ashirin an fara ta a 1967. Dala hamsin mai launi biyu ta fito a 1992. Dala arba'in da dala ɗari, su ma masu launi biyu, sun fito a 2003. Takardar dala ɗari da muke gani yanzu kuwa a 2012 ta dawo.

Shekarar da aka buga kuɗin na rubuce a jikinsa. Ita ce abu na farko da za ki nema. In kin matso da shi wajen haske, ko kin sa yaro mai ido ya duba miki, za ki ga wasu ƴan alamu biyu ƙanana ƙwarai, kamar ƙwayar gero. Yawancin ƙarafanmu a gidan buga kuɗi na Faransa aka yi su. Alama ɗaya ta gidan ce, wani ɗan ƙaho mai zubo ƴaƴan itace. Ɗayar kuma ta babban mai zanen gidan ce, kuma tana canzawa in an canza shi. Daga 1958 zuwa 1974 mujiya ce. Daga 1974 zuwa 1994 wata dabbar teku ce da ake kira dolfin. Daga 1994 zuwa 2000 ƙudan zuma ne, bayansa kuma takalmin doki.

Mun kawo wannan ne da dalili. Mai son ya ruɗe ki zai nuna miki ƴar mujiyar nan ya ce ai ita ce sirrin, mai mujiya ake nema. Haba! Duk kuɗin da ya fito daga gidan nan cikin waɗannan shekaru goma sha shida da mujiyarsa ya fito. Sa hannun ma'aikaci ne, kamar yadda maƙeri ke sa alamarsa a jikin galma.

Haka zancen mayen ƙarfe. Wani zai zo da shi ya ce wanda ya kama shi ne mai tsada, wani kuma ya ce a'a, wanda bai kama ba. Gaskiyar ita ce an sha canza ƙarfen da ake yin kuɗin da shi don rage tsadar bugu. Dala goma da dala ashirin na 2012 zuwa yau baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da farin shafi, dole su kama. Kamawa ko rashin kamawa ba ya ƙara musu ko tamma.

Waɗanda suka cancanci a tsaya a duba

Akwai ƴan kaɗan da suka fita daban. Ba mu ce za su gina miki gida ba, amma bai kamata a ba da su a canjin goro ba.

Akwai mai ɗauke da ƙaramin rubutu ESSAI. Wannan na gwaji ne, kaɗan ake bugawa kafin a fara na kasuwa, kuma masu tarawa na son shi. Da wuya ya shigo akwatin zubi, amma in ya shigo a ware shi.

Akwai babbar dala ɗari ta azurfa ta 1972, da aka buga don cikar shekara goma da haɗin kuɗin ƙasashenmu. Ta fi duk ƙarafan yanzu faɗi da nauyi, giram 25 ce, kuma kashi tara cikin goma azurfa ce. Ko ba mai tarawa, azurfar jikinta ta ninka dala ɗari sau da yawa.

Akwai na tunawa da samun ƴancin kai, masu shekarar 1960 da hoton shugaba Diori Hamani, na zinariya da na azurfa. Ba don cefane aka yi su ba, don haka sai dai a same su a cikin kayan wani tsohon ma'aikaci.

Akwai na zamanin Turawa, masu rubutun Afrique Occidentale Française, irin tamma da tamma biyu marasa nauyi na 1948, da jajayen 1956, da na 1957 masu sunan Togo. Waɗannan sun yi yawa a duniya. In sun shafe, abin tarihi ne kawai na nuna wa jikoki. In suna nan kamar sababbi, mai tarawa zai iya ba da ɗan wani abu.

Mu na kudu, da ke shiga Jibiya da Daura da Illela kamar shiga ɗaki, ba mu rasa kwabo mai huda na zamanin Ingilishi a ƙasan adaka, da sisi da sule, da kwabban da suka zo da naira a 1973. Su ma hukuncinsu ke nan, an buga su da yawan gaske. Ƴan uwanmu na gabas kuma sukan tsinci ƙarfe mai manyan dabbobi uku masu ƙaho. Wannan sefa ce ta Afirka ta Tsakiya, ta su Cadi da Kamaru. Ba jabu ba ce, ba kuma mai tsada ba ce, a nan ne dai ba ta ci.

Sai azurfar kakanni, mai hoton wata mace mai jiki, wadda wasu ke kira liyari, da iyayenmu ke ratayawa a wuya ko su kai wa maƙeri ya yi musu mundaye. Matar sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza. Za ki ga an rubuta 1780 a jiki, sai gabanki ya faɗi ki ce shekara ɗari biyu da arba'in da wani abu! Ki kwantar da hankalinki. A 1780 ta rasu, kuma tun daga nan duk wanda aka buga, har a zamaninmu, wannan shekarar ake sa masa, don ƴan kasuwa sun saba da shi haka. Darajarsa a azurfarsa take: nauyinsa giram 28 ne, kuma fiye da kashi takwas cikin goma azurfa ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa shekara ita kaɗai ba ta yanke farashi.

Kuɗin Turai da yara ke kawowa

Wasu cikinmu na da ɗa ko ƙane da ya dawo daga Turai da ƴan ƙarafan yuro a aljihu, kuma bidiyoyin nan sun fi yawa a kansu. Yuro ɗaya 655.957 F ne, ƙayyadadde, don haka gudan yuro biyu wajen 1,312 F ke nan, kuma masu canji ba su cika karɓar ƙarfe ba sai takarda.

Gaskiya ne akwai gudan yuro biyu da ke tsada ƙwarai. Wanda ya fi suna shi ne na ƴar ƙaramar ƙasar Monako, na 2007, mai hoton gimbiya Grace Kelly. Guda 20,001 kacal aka buga, a cikin ƴan akwatuna aka sayar da su ga masu tarawa, kuma yau ɗaya na wuce yuro dubu. Amma ku dubi na Girka na 2002, mai harafin S a cikin tauraro, wanda ake ta yayatawa wai shi ma dukiya ne. Wannan S ɗin na nufin a Finlan aka buga shi, kuma an buga wajen miliyon 70. Dubu ashirin ina, miliyon saba'in ina? Na Girka yuro biyu ne, shi ke nan.

In kin ga an sa wa kuɗi farashin miliyoyi a intanet, ki tuna cewa kowa na iya yi wa akuyarsa kuɗin raƙumi. Abin tambaya shi ne, an saya?

Yadda ake gane macuci

Mai saye na gaskiya shi ke ba ki kuɗi. Duk wanda ya ce ki fara aiko na rajista, ko na gwaji, ko na kwastan, ko na mota don wakilinsa ya zo, ki kashe wayarki. Haka wanda ya ce kada ki gaya wa maigidanki ko ƴan ƙungiya, wai don kada a yi miki baki. Haka mai gaggawa, wanda Baturensa kullum gobe zai tashi. Haka wanda ya ce ki ba shi kayan ya kai Kano ko Kwatano a duba, ya dawo miki da kuɗi. Waɗanda suka yi ta bin gidaje suna neman tsohon keken ɗinki da dutsen guga, wai akwai jan sinadari mai tsada a ciki, ai ba mu manta da su ba. Riga kawai aka canza. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata.

Akwai kuma mai cuta ta ɗaya gefen, wanda ya san liyarin kakarki azurfa ce, ya ce ai tsohon ƙarfe ne, ya miƙo miki jika ɗaya. Maganinsa sikeli. Ki kai wa maƙerin farin ƙarfe biyu, kowanne daban, su auna a gabanki su faɗi kuɗin giram na ranar. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, a nan ne gwajin ke da amfani. In kuma kayan gado ne, ba naki ke kaɗai ba ne, sai da sanin sauran magada.

Kuma in kin samu wanda kike zaton na musamman ne, don Allah kada ki wanke shi. Mu mata hannunmu na ƙaiƙayi in mun ga abu ya yi duhu, sai toka, sai lemun tsami, sai tsamiya. Wurin masu tarawa, gogaggen kuɗi ya lalace ke nan. Kada a huda shi, kada a kai a liƙa masa maratayi. Ki naɗe shi a takarda busassa, shi kaɗai, ki ajiye inda ba danshi.

Hasarar da ke cikin gida

Ga wani abin mamaki, ƴan uwa. Muna neman miliyon a jikin tsohuwar dala, alhali muna ƙin karɓar dala hamsin mai kyau. A kasuwanni da yawa in kin miƙa gudan 250 F sai a turo miki abinki, wai an daina. Haka shafaffiyar dala goma da dala ashirin. Wannan ɗabi'a ta shigo har cikin wasu ƙungiyoyinmu: mace ta zo da zubinta, masu ƙidaya su ƙi, ta rasa canji, a ci ta tara kamar wadda ba ta kawo ba.

Ba a soke ƙarfen dala hamsin ba. Canjin kuɗin da aka yi a 2004 tsofaffin takardu ya shafa, bai taɓa ƙarafa ba. Babban Bankin ya sha fitar da sanarwa cewa dala hamsin da shafaffun ƙarafa na nan da darajarsu, kuma doka ta hana a ƙi su. Yana kuma canza waɗanda suka lalace a ma'aikatunsa, akwai a Yamai, akwai a Maraɗi, akwai a Damagaram. Wadda ta sayar da ƙuli-ƙuli aka biya ta da shafaffe, guminta ne, bai kamata a mayar da ita gida da shi ba. Ƙungiya ta fi mace ɗaya ƙarfin tara su ta kai inda za a karɓa.

Abin da muke ba da shawara a zauna a kai

Ɗaya. Kuɗin da ya shiga akwati ya zama na kowa. Ba mai tsince wani ƙarfe ta musanya a ɓoye, ko da dala ce da dala. Ba darajar ƙarfen ce abin tsoro ba, zargin da zai biyo baya ne. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe akwatunan nan shi ne ana buɗe su a gaban kowa, ana rufe su a gaban kowa.

Biyu. In baƙon ƙarfe ya fito a ƙidaya, a ɗaga shi kowa ta gani. In na wata ƙasa ne, mai shi ta canza a take. In ana zaton na musamman ne, sakatariya ta rubuta shekararsa da abin da ke jikinsa a littafi, a naɗe a bar shi cikin akwati har a tambayi masani. In an sayar, kuɗin na ƙungiya ne.

Uku. A karɓi dala hamsin da shafaffun ƙarafa in dai ana gane ko nawa ne. Ma'ajiya ta ware musu ɗan ƙunshi, duk wata uku a ba wadda za ta birni ta canzo, tare da shaida ɗaya.

Huɗu. Kada a ba da bashin akwati don biyan wani mai sayen tsohon kuɗi a waya. Wadda aka kira ta kawo zancen taro kafin ta aika ko dala. Matambayi ba ya ɓata. Wadda kuma aka riga aka cuta, kada a mayar da ita abin dariya, ta faɗi lambar don sauran su kiyaye.

Ga masu ajin yaƙi da jahilci kuma, kun samu allo kyauta. Ku zube ƙarafa a tabarma, kowace ta karanta shekarar nata, a jera su daga babba zuwa ƙarami, a ga wa ke da wanda ya girme ta. Wadda ta iya karanta 1981 a jikin dala biyu za ta iya karanta lambar da aka rubuta mata a littafin bashi. Yaran gida ma in suna so, a ba su kwali su jera gudan dala na kowace shekara. Tarawa ke nan ta gaske, kuma ba ta cin kowa ko tamma.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan bashin da ya wuce wa'adi, da yadda za a bi shi ba tare da an ɓata zumunci ba. Ku ci gaba da aiko tambayoyinku ta hannun masu zagayawa. Muna gaida ƙungiyoyin da ke shirin rabo a wannan watan, Allah ya sa a yi lafiya a tashi lafiya, ya sa albarka a abin da aka tara. Amin.